Abin da Muhsinu Bai Samu Ba

Jama'a, sallama gare ku, musamman ku da kuka dame ni da tambayar inda maganata da Muhsinu ta kwana. Na daɗe ban rubuta ba, kuma ba rashin abin faɗa ba ne, gajiya ce kawai. Yau dai zan ba ku labarin wata Talata ta shekarar 2007, wadda har yanzu in na tuna ta sai in ji kafaɗuna sun yi nauyi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hanifa, ƴar Malam Kalli na Gueskérou. A lokacin shekaruna ashirin da shida, ina koyar da yara a wata lekol cikin garin Diffa, muna zaune ni da ƙanwata Nadiya a gidan Ya Kolo, yayar mahaifiyarmu, wadda ta riƙe mu tun rasuwar Inna. Muhsinu kuwa ɗan wasu Damagarawa ne da suka daɗe a Diffa. Shekara huɗu kafin ranar nan danginsa suka kawo goron neman aurena, aka karɓa, aka shafa fatiha, aka ce sa rana sai ya dawo daga karatu. Daga nan ya hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, ya hau jirgi zuwa wani garin Faransa mai suna Grenoble, ya bar ni da hoto ɗaya da alkawari.

Kafin ya tafi ya taɓa kai ni bakin kogin Komadugu, Nadiya na biye da mu tana ƴar rakiya, don ya nuna mini abin da za shi nema. Ya tsinki tattasai ɗaya a gonar Baba ya sake shi ya faɗi, ya ce me ya jawo shi ƙasa. Na ce ikon Allah. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, kuma cikin ikon nan Allah ya sa duk abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa. An auna wannan jan tsakanin ƙasa da wata, an auna shi tsakanin dunƙulen ƙarfe biyu, amma in tazarar ta ƙanƙance ta koma kamar silin gashi an tsaga shi gida dubu ɗari, ba wanda ya san ko akwai wani jan na dabam da ke ɓoye a wurin. Shi ne yake son ya duba.

Na ce da wane ido. Ya ce akwai wasu ƙwayoyi da ake kira nutron, suna cikin zuciyar kusan kowane abu, kuma lantarki ba ya jansu, shi ya sa suka dace da aikin. Wani babban inji ne ke fitar da su. Sai a harba su miliyan-miliyan ta cikin bututun da aka cika da wata irin iska, a ƙirga inda kowace ta sauka a ɗaya gefen. In akwai ɓoyayyen jan nan, wasu za su karkace daga hanya fiye da yadda lissafi ya ce. Na tambaye shi in ya samu me za a yi da shi, ya ce bai sani ba tukuna. Wallahi a ranar amsar nan burge ni ta yi. Ku dubi wauta irin ta ƴar shekara ashirin da biyu.

Da na dawo gida Ya Kolo ta tsare ni da tambaya, na fara bayani na sarƙe. Ita ce ta taimake ni, ta ce ko irin neman nan ne na nasarun da suka riƙa haƙa rami a bayan Ngigmi suna neman fetur? Na ce eh, kusan haka ne. To wannan eh ɗin ita ce ta zame mini kaya. Ya Kolo ta ɗauke ta ta shiga da ita kowane gidan biki da suna, tana cewa surukinta yana can yana neman abin da ya fi fetur daraja, ranar da ya same shi Diffa za ta ji. Ni kuma duk shekara in an tambaye ni sai in ce ya kusa. Sau huɗu ina cewa ya kusa.

Gaskiyar maganar, injin ba nasa ba ne, layi ake bi daga ƙasashe da yawa, a shekara kwana ashirin ko ƙasa da haka ake ba su. Shekarar farko bututunsu ya riƙa yoyon iska. Ta biyu aka rufe injin don gyara. Ta uku suka samu ƙirgen da suke so, sai kuma suka kulle shi. Wai al'adar aikinsu ce, ba sa duba amsa sai sun gama tace duk wani kuskure, don kada son zuciya ya karkata musu hannu. Wannan kam na fahimce ta sarai, don ni son zuciya ya daɗe da karkata mini baki.

A kwarinmu biki sai an tsinke tattasai, an shanya, an zuba a buhu, tsakanin ƙarshen sanyi da shigowar zafi. In lokacin ya wuce sai baɗi. Kuma a gidan Malam Kalli ƙanwa ba ta riga yaya shiga ɗaki, tun kakanni ba a taɓa ba. Ga shi Salim, direban babbar motar da ke kai tattasai Maiduguri, ya nemi Nadiya tun kaka biyu da suka wuce. A wannan shekarar uwarsa ta zo da kanta, ta sha ruwa, ta yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta faɗa wa Ya Kolo cikin ladabi cewa ba za su iya tsallake kaka ta uku ba.

Da Nadiya ta yi mini gori ko sau ɗaya, da na samu abin riƙewa. Ba ta taɓa ba. Ita ce ke wanke mini laffaya, ita ce ke turara mini kaya ranar Lahadi. In saƙon Salim ya shigo sai ta kife wayarta a kan tabarma ta tashi ta shiga madafa, don kada in ga tana murmushi. Wannan kifewar wayar ta fi duk surutun Ya Kolo ci mini rai.

Ranar Litinin, jajibirin Talatar nan, ina tsakar lekol, yara na hutun ƙarfe goma, wayata ta yi ƙara. Saƙon Muhsinu ne.

"Mun buɗe. Je ki siba, na aiko miki da mel. Murna nake, Hanifata."

Kun san yadda zuciya take. Kafin a tashi na riga na zaɓi kalar atamfar ƙawaye, na riga na ga fuskar Nadiya in na gaya mata. Ana tashi na gyara laffayata ruwan goro, wadda gefenta ya fara kodewa, na tare kabu-kabu zuwa siba, wato shagon intanet, kusa da tasha. Na tarar an ɗauke wuta. Awa ɗaya da rabi na yi a kan benci, laffaya ta manne mini a baya, ƙamshin humrata ya gudu ya bar ni da warin alli. Da wuta ta dawo, matar da ke kula da wurin ta buga mini wasiƙar, shafi biyu, ta haɗa su da ƙarfen maƙala takarda ta miƙo mini. Ƙarƙashin dogon yaron ƙofar siba na tsaya na karanta.

Shafin farko murna ce zalla. Ya ce sun buɗe ƙirgen su shida a ɗaki ɗaya, kowa ya riƙe numfashi, sai ga ƙwayoyin sun sauka daidai inda tsohon lissafi ya ce za su sauka. Ba karkata ko ɗaya. In ma akwai wani jan a tazarar nan, to rauninsa ya wuce abin da kowa ya iya tabbatarwa kafin su. Malaminsa ya rungume shi, za a buga sunansa a mujallar masana, diplom ɗinsa ya tabbata.

Shafi na biyu gajere ne. An ba shi aikin shekara uku, za su sake dubawa a tazarar da ta fi wannan ƙanƙanta sau goma, da sabon bututu. Ba zai samu zuwa bana ba, don layinsu ya faɗo daidai lokacin bikinmu. Ya san ni mai haƙuri ce. A gaida Baba, a gaida Ya Kolo, a gaida Nadiya.

Na rubuta masa a tsaye: "Ba ku samu komai ba ke nan?"

Amsa ta zo nan take: "Mun samu cewa ba ya nan. Babban abu ne, wallahi."

Ban yi kuka ba, ban ma ji haushi ba. Ko kabu-kabu ban tare ba, na taka da ƙafa zuwa gida cikin rana. A hanya na fizge shafi na biyu na cusa shi tsakanin littattafan yaran da zan gyara. Dabarata ita ce in karanta na farko kawai, in sake sayen wata ɗaya ko biyu da faɗin ya kusa. Abin da zan yi da watannin ban sani ba, na dai saba.

Talata ranar kasuwar Diffa ce, kuma ranar ce Baba ke shigowa da buhunansa. Bayan la'asar ya yi sallama, da tsohuwar rigarsa shuɗiya wadda jan ƙurar tattasai ya rina wa ƙasa, da tabarau mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Yana shigowa Ya Kolo ta fara atishawa tana mita, kamar kowace Talata. Nadiya ta shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin rumfa ta ɗora shayi. Sai da ya sha kofin farko sannan ya ce ya ji an ce takarda ta zo daga Faransa. Ya Kolo ce ta gaya masa, ta gan ni jiya ina juya ta a ɗaki.

Na durƙusa gefen tabarma na karanta shafin farko. Muhsinu da Hausa yake rubutu yana yayyafa Faransanci, ni kuma ina juya musu zuwa Barebarci, don haka abin da za ku ji daga bakinsu ni ce na sake juyo muku shi. Na yi niyyar in lanƙwasa maganar, amma da na kai wurin sai bakina ya gaji da lanƙwasa. Na faɗa yadda take. Sun duba, babu.

Ya Kolo ta ajiye maficinta. Ta ce in sake faɗa, na sake. Daga nan ta buɗe baki, kuma wanda ya san Ya Kolo ya san ba a tare ta. Shekara huɗu, yarinya ta zauna har ƙawayenta sun yaye na biyu, ita kuma an sa ta ta zaga gari tana tallan fetur, ashe ramin ma ba a haƙa ba. Wai har murna yake. Da wane ido za ta dubi uwar Salim? Ta juyo kaina ta ce ni ma munafuka ce, na sani na yi shiru. Ban musa ba, don ba ta yi ƙarya ba.

Baba ya bar ta sai da ta sauka don kanta. Ya karɓi kofi na biyu, ya kurɓa, sannan ya tambaye ni ko yaron ya duba wurin da kyau, ko kuwa leƙawa ya yi ya juyo. Na ce shekara guda suka yi suna tace kuskure kafin su yarda su kalli amsar. Ya gyaɗa kai a hankali.

Abin da ban gaya muku ba, kafin idonsa ya raunana ya koma noman tattasai, Baba mai bin sawu ne. In dabba ta ɓata daga nan har bakin tafki, shi ake aikowa a kira. Ya ce wa Ya Kolo ta tuna shekarar da raƙumar Alkali ta ɓata, mai farin goshi. Mutum huɗu aka raba wa daji, shi aka ba arewa. Kwana tara ya yi yana bin kowace rijiya da kowane kwari, ya dawo hannu wofi da tsagaggun ƙafafu. Sauran ukun kowa ya dawo da labari, wannan ya ce kamar ya ga sawu, wancan ya ce wani makiyayi ya ce ya hango ta. Shi kaɗai ya ce ba ta arewa, kuma zai dafa Alƙur'ani. Shi ne Alkali ya yanka wa rago, don daga ranar ba a ƙara ɓata ƙafar kowa a arewa ba.

"Cewa babu ya fi wuya, Ya Kolo," in ji shi. "Yaron nan ya yi aiki."

Jama'a, sai ga hawaye. Shekara huɗu ina jin kunyar abin da Muhsinu ke yi, ina rufa masa asiri da ƙarya, ashe tsohon da bai taɓa shiga lekol ba ya fi ni gane shi. Na ji wani sanyi a raina, har na ɗaga kai na dubi Ya Kolo. Da a nan aka tashi, da na kwana da daɗi.

Baba ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar. Ba ya karanta boko, ko ajamin ma yanzu sai da rana tsaka, amma na ba shi. Bai kalle ta ba. Ya bi gefenta da babban yatsa har ya kai kusurwar sama, inda ƙarfen yake, ya tsaya. Guntun farar takarda na maƙale a ƙarƙashinsa, bai kai girman farce ba.

"Ina ƴar'uwarta?"

Kafin in lalubo ƙarya ya ci gaba.

"Muhsinu bai taɓa rufe wasiƙa bai gaishe ni ba. Kuma na san abin da ake yi wa wanda ya iya cewa babu. Kwana biyu na huta, Alkali ya tura ni gabas. Tashi ki ɗauko, ƴata."

Na tashi na ɗauko ta daga cikin littattafan yara, ta yamutse, jan biro ya taɓa ta. Na karanta duka, har da gaisuwar. Da na kai shekara uku, na ji ƙarar murfin butar shayi ya faɗi daga hannun Nadiya. Ta ɗauke shi da sauri ta ce zafi ne ya ƙone ta.

Ban san abin da ya sa na yi tambayar ba, ta dai fito. Na ce, Baba, an samu raƙumar?

Ya ce ba a samu ba. Gabas babu, kudu babu. Daga baya ma Alkali ya haƙura ya ce a bari, shi ne bai bari ba. Duk wanda ya zo da ɓatan dabba ya bi shi, yana neman tasu yana duba sawun mai farin goshi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce ranar da aka haife ni yana wata rijiya kwana huɗu daga gida, sai bayan suna ya ga fuskata. Inna ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, shi kuma ya ɗauki shirun nan a matsayin yarda.

"Ban daina don na gaji ba, Hanifa. Ido ne ya tsayar da ni. Yaron nan kuma idonsa garau yake."

Bai ce in rabu da shi ba, bai ce in jira ba. Ya ce goron da aka karɓa da yardata aka karɓa, mayar da shi ma sai da yardata. Ya miƙe zai tafi tasha kada motar Gueskérou ta bar shi. A nan na ji bakina yana cewa a sa ranar Nadiya bana, kada a jira ni. Ya Kolo ta ce ba a gidan nan ba, ba a taɓa ba, me mutane za su ce. Na ce su ce abin da suka saba cewa, ni dai na gaji da ganin ana kife waya saboda ni. Baba ya tsaya a bakin zaure, ya juyo ya ce a aika wa mutanen Salim su zo Talata mai zuwa.

Bayan ya fita na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai laffayar da na tanada don ranar kaina, fara mai zaren zinariya a gefe, shekara huɗu ina fitar da ita duk wata ina turara ta ina mayarwa. Ƙamshin ya kama ta har ya yi yawa. Na ɗora wa Nadiya a hannu. Ta ce ba za ta karɓa ba, Yaya, tana faɗa tana kuka tana kuma ƙanƙame ta a ƙirji. Na ce ta yi mini shiru, kaina ciwo yake.

Rana ta kusa faɗuwa, ina zaune bakin ƙofa ina gyaran littattafai, saƙo ya shigo.

"Me Baba ya ce?"

Na rubuta: "Ya ce ka yi aiki."

"Alhamdu lillahi. Na san zai gane. Ke fa, za ki jira ni?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Ina son Muhsinu, kada wani ya ce muku ba na sonsa, har yau in na ga tattasai ya faɗo daga buhu shi nake tunawa. Amma na yi abin da ya koya mini. Na ajiye abin da nake so amsar ta zama, na duba raina kusurwa-kusurwa, inda haƙurin shekara uku ya kamata ya kasance. Sannan na rubuta masa: "Na duba da kyau, Muhsinu. Babu."

Na tura, na ajiye wayar a kan tabarma, fuskarta sama.

A shekara huɗun nan sau uku kawai ya taɓa kirana da murya, duka ranar sallah. Ban kai ga ɗaukar biro ba wayar ta fara ruri, doguwar lambar Faransa na haske a kanta. Nadiya ta leƙo daga ɗaki da farar laffayar a kafaɗa, Ya Kolo ta tsaya da buta a hannu, dukansu ni suke kallo. Ta yi ruri ta katse, ta sake farawa. Ni kuwa saura littafi goma sha ɗaya ban gyara ba, na jawo na sama na buɗe.